Me ya sa sankarar huhu take haɗamar sukari, kuma ina furotin ya shigo cikin lamarin?

Wani ɗalibi mai karatun haɗa magunguna ya aiko da tambaya. Ya ce an gano sankarar huhu a jikin kawunsa, an ɗauke shi hoton PET, likita ya nuna musu inda ƙarin ya yi haske a hoton, ya ce musu wurin ya fi sauran naman da ke kewaye da shi zuƙar sukari. Shi kuma ya karanta cewa sauye-sauyen da ake yi wa furotin bayan an gama ƙera shi su ne ke jawo wannan haɗama, har da girman ƙarin. Yana son a warware masa yadda abin yake, sannan yana tambaya ko hana kawun nasa sukari zai kashe cutar da yunwa.

Ɗan'uwa, Allah Ya ba kawunka lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma masu jinya Ya ba ku lada da juriya. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma akwai wani ɓangare nasa da ba a cika bayyanawa ba, kuma shi ne nake so ka fi riƙewa. Ƙwayar sankara ba don tana neman ƙarfi kawai take haɗiyar sukari ba. Tana haɗiyarsa ne don ta sami kayan gini, kuma da yawa daga cikin alamomin da ake liƙa wa furotin ɗinta aikinsu rage gudun ƙona sukarin ne a wasu wurare na musamman, domin abin da ya taru ya malala zuwa inda ake gini. In ka fahimci wannan, amsar tambayarka ta biyu za ta zo maka da sauƙi.

Labarin ya faro daga Jamus a shekarun 1920, lokacin da Otto Warburg ya yanki naman ƙari siriri, ya auna iskar oksijin da yake sha da kuma tsamin da yake fitarwa. Ya ga naman sankara yana cin gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, da yawa yana mayar da shi laktet, wato wannan tsamin, ko da kuwa oksijin na nan a wadace. Lafiyayyar tsoka takan yi haka ne idan numfashi ya gaza mata, kamar lokacin gudu mai tsanani, amma ƙari yana yi ba tare da wannan uzuri ba. Duk wanda ya taɓa renon ƙwayoyin sankarar huhu a ɗakin gwaji ya ga wannan da idonsa. Ruwan da ake renon su a ciki ja ne, saboda an sa masa rini mai sauya launi idan tsami ya ƙaru. Ka zuba sabon ruwa ranar Litinin yana ja kamar zoɓo mai ruwa-ruwa, ka dawo Laraba ka tarar ya koma ruwan lemo, in ka yi sakaci zuwa Alhamis ya zama rawaya, ƙwayoyin kuma sun cika faranti. Hoton PET da aka yi wa kawunka a kan wannan hali aka gina shi. Ana sa majinyaci ya yi awoyi bai ci ba, a yi masa allurar wani gulukos da aka sauya wa siffa aka liƙa masa fulorin mai fitar da haske, a jira kamar awa ɗaya. Ƙwayar ta haɗiye shi kamar sukarin gaske, inzayim na farko, wato furotin mai sarrafa shi, ya liƙa masa wata alamar sinadari mai suna fosfet, daga nan ya maƙale, ba ya iya ci gaba, ba ya iya fita. Inda ya fi taruwa nan ne ke haske.

Abin ɗaure kai a nan lissafi ne. Idan aka farfasa gulukos ɗaya zuwa laktet, ATP biyu kacal ake samu, wato kuɗin da ƙwayar halitta ke kashewa wajen ayyukanta. Idan kuwa aka shigar da shi cikin mitokondiriya, injin numfashin ƙwayar, aka ƙone shi ƙurmus da oksijin, ana samun wajen 30 ko fiye da haka kaɗan. To me zai sa ƙwaya mai son girma ta zaɓi hanyar da ribarta ta fi ƙanƙanta? Warburg ya ɗauka injin numfashin ƙwayar ne ya lalace, kuma ya tsaya a kan wannan ra'ayi har a rubutunsa na 1956. Yanzu an san cewa a yawancin sankarori, har da ta huhu, mitokondiriya tana aiki. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne na magini. Mutumin da ke da itace a tsakar gida yana da zaɓi, ko ya hura wuta da shi ya sami ɗumi da girki, ko ya ajiye shi ya yi rufin ɗaki. Wanda ke zaune a gidansa da ya riga ya ginu, wuta yake bukata. Wanda kuwa zai ta da wani gida daga tushe ba zai ƙone azararsa ba. Ƙwayar da za ta rabu biyu tana bukatar sabon DNA, sabon kitse na bango, sababbin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma ƙashin bayan waɗannan duka kabon ne, mafi yawansa daga sukari da amino asid. Gulukos ɗin da aka ƙone ƙurmus ya fita a numfashi, ba a gini da shi.

Yanzu ga inda furotin ya shigo. Ƙwayoyin gado zane ne kawai, furotin su ne ma'aikata. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 20,000, amma ayyukan da furotin ke yi sun ninka wannan adadi nesa ba kusa ba, domin bayan an ƙera furotin ana iya liƙa masa ƙananan alamomi na sinadari a kan wasu amino asid nasa. Alamar tana iya lanƙwasa shi ya fara aiki ko ya tsaya, tana iya sauya masa mazauni a cikin ƙwayar, tana iya sa shi ya rabu da abokan aikinsa, tana kuma iya zama shaidar a kai shi a rushe. Ƙera sabon furotin daga zane yakan ɗauki lokaci, liƙa alama kuwa daƙiƙu ne ko mintuna, kuma ana iya cire ta. Alamar da aka fi sani ita ce fosfet. Inzayim masu liƙa ta ana kiran su kainez, kuma jikinmu yana da fiye da 500, masu cire ta kuwa su ne fosfatez. Ina jin daɗin tuna wa ɗalibai cewa a kan sarrafa sukari aka fara gano wannan tsari: Edmond Fischer da Edwin Krebs, a tsakiyar shekarun 1950 a Siyatil ta Amurka, suna nazarin inzayim ɗin da ke warware sukarin da tsoka ta ajiye, suka ga fosfet ce ke kunna shi. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1992. Bayan fosfet akwai asetil, akwai yubikwitin, akwai wani guntun sukari da ake kira O-GlcNAc, akwai kuma tsatsar da oksijin ke yi wa amino asid mai sulfa. Duka za mu gamu da su.

Mu fara daga ƙofa. A bangon ƙwayoyin huhu akwai wani furotin mai suna EGFR, wanda shi kansa kainez ne. A lafiyayyen jiki yana zaune shiru har sai saƙon girma ya zo daga waje, sannan ya haɗu da ɗan'uwansa su liƙa wa juna fosfet a kan amino asid tayirosin. A 2004 ƙungiyoyin masu bincike a Boston da New York suka gano cewa a wasu masu sankarar huhu EGFR ya sami tangarɗa a zanensa, ta yadda yake kunne dare da rana ba tare da an aiko shi ba. Wannan tangarɗa ta fi yawa a nau'in adinokasinoma, a waɗanda ba su taɓa shan taba ba, da mata, da mutanen Gabashin Asiya, inda ake samun ta a kusan rabin masu wannan nau'i, alhali a Turawa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A wasu majinyatan kuma KRAS, wani furotin mai isar da saƙon girma, shi ne ya maƙale a kunne, a wasu kainez ALK ne ya manne da wani furotin. Duk inda tangarɗar take, sakamakon yana kama da juna: fosfet tana bin layi daga kainez zuwa kainez har ta kai ga kainez biyu, AKT da ERK. AKT kuwa idan ya tashi, yana sa ƙofofin shigar gulukos irin su GLUT1 su yawaita a bangon ƙwayar su daɗe a can, yana ƙarfafa heksokainez na biyu, wato inzayim ɗin da ke kulle sukari a ciki da zarar ya shigo, yana kuma ta da inzayim ɗin da ke ƙera sinadarin da ke zaburar da mataki na uku na farfasa gulukos. An nuna a ɓeraye a 2013 cewa idan aka cire heksokainez na biyu, sankarar huhun da KRAS ke jawowa tana raguwa sosai. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa daga gadon asibiti ta zo. Majinyacin da ke da tangarɗar EGFR, idan aka ba shi maganin da ke toshe wannan kainez kuma maganin ya karɓe shi, hasken PET yakan dushe cikin kwanaki, tun kafin girman ƙarin ya ragu a hoton CT. Sukarin jininsa bai sauya ba, abincinsa bai sauya ba, fosfet ɗin da ke riƙe ƙofa a buɗe ce aka hana liƙawa.

Wannan shi ne rabin da kowa ke tsammani, wato buɗe ƙofa. Ɗaya rabin sai ka je lambu lokacin noman rani ka gan shi. Mai lambu ya ta da injin ban ruwa, ruwa ya biyo babbar hanya da ƙarfi. In ya bar shi haka, zai wuce ya zube a ƙarshen gona, fangalan da ke gefe ba su sha ba. Sai ya ɗebo laka da fartanya ya datse hanyar a tsakiya, ruwan ya taru ya kumbura, ya fasa masa baki ta gefe ya shiga fangalin albasa. Ya sha, ya toshe, ya matsa gaba ya sake datsewa. Farfasa gulukos matakai goma ne a jere, kuma a gefen wasu matakan akwai rassa. Reshe ɗaya, wanda ake kira hanyar fentos, yana fitar da ribos da ake gina DNA da shi, da kuma NADPH wanda ake ƙera kitse da shi, ake kuma kare kai daga tsatsar oksijin. Wani reshen yana fitar da amino asid serin. Wani yana ba da ƙashin bayan kitsen bango. Ƙwayar sankara tana ta da inji da ƙarfi a sama, sannan ta datse a ƙasa.

Babbar madatsar ita ce inzayim na mataki na goma, wanda nau'insa da ke cikin ƙwayoyin da ke rarrabuwa ake kira PKM2. Yana da ɗan'uwa, PKM1, da ake samu a tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa. Zane ɗaya ya fitar da su, bambancinsu guntu ɗaya ne da ake zaɓa wajen haɗawa, amma halinsu ya sha bamban. PKM1 kullum a buɗe yake. PKM2 kuwa sai ya haɗu huɗu-huɗu yake aiki da ƙarfi, idan ya rabu biyu-biyu sai ya yi sanyi, kuma alamomi iri-iri suna iya raba shi. A 2008 ɗakin binciken Lewis Cantley a Boston ya ɗauki ƙwayoyin sankarar huhu da ake kira H1299, ya cire musu PKM2 ya sa musu PKM1, wato ya ba su inzayim mafi ƙarfi. Da ƙarfin ƙona sukari ne sirrin girma, da sun ƙara haɓaka. Abin da ya faru shi ne laktet ya ragu, shan oksijin ya ƙaru, kuma da aka dasa su a jikin ɓeraye ba su yi ƙari kamar waɗanda aka bar wa PKM2 ba. Suka kuma nuna cewa furotin masu ɗauke da fosfet a kan tayirosin suna taɓa PKM2 su fizge sinadarin da ke riƙe shi huɗu-huɗu. Shekara guda bayan haka, masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta suka gano cewa kainez FGFR1 yana liƙa fosfet kai tsaye a kan tayirosin ta 105 ta PKM2, abin da ke hana shi haɗuwa. Ka lura da kyau: saƙon girman da ya buɗe ƙofa a sama shi ne ya datse a ƙasa. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Fudan ta Shanghai suka ƙara da cewa idan gulukos ya yi yawa, ana liƙa wa PKM2 asetil a kan laisin ta 305, aikinsa ya ragu, sannan a kai shi a narkar.

Akwai wata alamar a kan PKM2 da ta dace da huhu fiye da kowace gaɓa. Huhu yana fuskantar iska kai tsaye, da hayaƙin taba, da na itace, da ƙura, kuma ƙwayar da ke girma da gaggawa tana ƙara haifar da sinadarai masu tsatsa a cikinta. A 2011 aka nuna a ƙwayoyin sankarar huhu cewa idan tsatsar ta yi yawa, tana taɓa amino asid mai sulfa ta 358 a jikin PKM2, inzayim ɗin ya tsaya, gulukos ya karkata hanyar fentos, NADPH ya ƙaru, ƙwayar ta wanke tsatsar ta tsira. Da aka sauya wannan amino asid ta yadda tsatsa ba za ta iya taɓa ta ba, ƙwayoyin suka kasa jure wahala, ƙarin da suka yi a ɓeraye kuma ya ƙanƙance. Haɗarin da kansa shi ne ke juya akalar ruwan zuwa inda za a kashe shi.

Madatsa ta biyu tana can sama, a mataki na uku, a kan inzayim PFK1. Alamar da ake liƙa masa ita kanta daga sukari aka yi ta. Ɗan kaɗan daga gulukos ɗin da ya shigo yana bin wani reshe ya zama O-GlcNAc, wanda Gerald Hart da ɗalibarsa Carmen-Rosa Torres suka gano a jikin furotin a 1984. Inzayim ɗaya ne ke liƙa shi, ɗaya ke cire shi, saboda haka yawansa yana nuna wa ƙwayar yadda rumbunta yake. A 2012 ɗakin binciken Linda Hsieh-Wilson a Kalifoniya ya nuna, a cikin ƙwayoyin H1299 ɗin dai, cewa idan oksijin ya yi ƙaranci ana liƙa wannan alama a kan serin ta 529 ta PFK1, daidai inda sinadarin da ke zaburar da shi yake zama. Inzayim ɗin ya yi sanyi, gulukos ya koma hanyar fentos. Bayan shekara uku aka gano a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin cewa wannan alamar dai ana liƙa ta a kan G6PD, mai tsaron bakin hanyar fentos, amma shi ƙara masa ƙarfi take yi, kuma an same ta da yawa a naman sankarar huhun da aka ciro daga majinyata. Alama ɗaya ke nan ta datse babbar hanya, ta kuma faɗaɗa bakin fangali.

A ƙarshen matakai goman akwai mararraba: ko a shiga mitokondiriya ko a zama laktet. Mai gadin ƙofar mitokondiriya shi ne inzayim PDH, kuma fosfet ce ke kulle shi, wadda kainez PDK ke liƙawa. Wanda ke ƙara yawan PDK kuwa shi ne HIF, furotin da ke sanar da ƙarancin oksijin, kuma rayuwarsa gaba ɗaya a hannun alamomi take. Muddin oksijin na nan, ana liƙa masa wata 'yar alama da aka yi da oksijin ɗin, wani furotin mai suna VHL ya gan ta, ya rataya masa yubikwitin. Yubikwitin kamar fentin da ake shafa wa dabbar da aka saya a kara ne, duk wanda ya gan shi ya san kwata za a kai ta. Cikin mintuna kaɗan an rushe HIF. Idan ƙari ya girma ya wuce inda jijiyoyin jini ke kai wa, oksijin ya yanke, alamar farko ba ta samu ba, HIF ya tsira ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin ƙara GLUT1 da heksokainez da inzayim mai yin laktet da PDK, har da saƙon tsiro da sababbin jijiyoyi. Wannan aiki ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Sankarar huhu tana da nata salon wasa da yubikwitin. Furotin KEAP1 aikinsa rataya wa NRF2 yubikwitin a rushe shi. A kusan kashi ɗaya cikin biyar na adinokasinomar huhu KEAP1 ya lalace, NRF2 ya zauna daram, ya ƙara inzayim na hanyar fentos da na wanke tsatsa, abin da ke taimaka wa ƙwayar ta jure kemoterafi da gashin radiyeshon. Haka nan LKB1, kainez ɗin da ke liƙa wa AMPK, mai lura da ƙarfin ƙwayar, fosfet idan ƙarfi ya yi ƙasa don a dakatar da gini, yana ɓacewa a kaso mai kama da wannan, kuma masu ɗauke da tangarɗarsa tare da ta KRAS ba su cika amfana da magungunan ta da garkuwar jiki ba. Shi kansa laktet ɗin da ake zubarwa yana tsamar da kewayen ƙari ya raunana sojojin garkuwa, kuma a 2019 ɗakin binciken Yingming Zhao a Chicago ya gano cewa ana liƙa shi a kan furotin da DNA ke naɗe a kansu, ya sauya abin da ake karantawa daga zane. Wannan fanni sabo ne, rubuce-rubuce a kansa suna fitowa da yawa, kuma ina ba ka shawara ka karanta su da taka-tsantsan.

Taka-tsantsan ɗin ya shafi duk abin da na faɗa a sama, kuma a matsayinka na mai shirin zama mai haɗa magunguna, nan ne nake so ka fi nutsuwa. Yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan ƙwayoyi irin su H1299 da A549, kuma A549 tun 1972 aka ciro ta daga huhun wani majinyaci ake ta renon ta. Ruwan da ake yawan renon irin waɗannan ƙwayoyi yana ɗauke da gulukos giram 4.5 a lita, jinin mutum kuwa kusan giram ɗaya ne a lita. Ƙwayar da ta shekara hamsin a cikin irin wannan wadata ba lalle halinta ya zama na ƙarin da ke ƙirjin kawunka ba. A 2016 Ralph DeBerardinis da abokan aikinsa a Dallas suka ɗura wa majinyata tara gulukos mai shaida ta jijiya ana dab da yi musu tiyata, sannan suka bi sawunsa a naman da aka ciro. Suka ga ƙarin yana farfasa gulukos fiye da lafiyayyen huhu, amma kuma yana ƙone shi a mitokondiriya fiye da lafiyayyen huhu, kuma sassa daban-daban na ƙari ɗaya ba abinci ɗaya suke ci ba. A 2017 suka nuna cewa ƙarin huhu yana shan laktet daga jini ya yi makamashi da shi. Shi ma PKM2 an cire shi gaba ɗaya a ɓeraye masu sankarar mama a 2013, ƙarin bai tsaya ba, sai ma ya ƙara sauri. Wannan bai rushe maganar datsewa ba, amma ya nuna cewa ƙwayar tana da hanyoyi fiye da ɗaya na cimma bukatarta.

Shi ya sa magungunan da aka auna kai tsaye ga sarrafa sukari ba su cika alkawarinsu ba har yanzu. A 2007 wani bincike daga Kanada ya nuna cewa sinadarin DCA, mai toshe PDK, yana rage ƙarin ƙwayoyin A549 a jikin ɓeraye. Labarin ya bazu, majinyata suka riƙa saye ta intanet suna sha da kansu, alhali yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma har yau bai zama maganin sankarar huhu ba. Metformin na masu ciwon sukari, wanda ke ta da AMPK, an gwada shi tare da kemoterafi da gashi a gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2021, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada. Na farko bai ga amfani ba, na biyu ya ga waɗanda aka ba shi sun fi shan wahala kuma sakamakonsu ya fi muni. Inda aka yi nasara shi ne wajen toshe kainez ɗin da ke saman layi, wanda ya ba da umarnin tun farko. A gwajin FLAURA, masu tangarɗar EGFR da aka ba osimertinib sun kai matsakaicin wata 18.9 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda aka ba tsofaffin magungunan kuwa wata 10.2. Ko shi ma ƙwayar takan sami mafita daga baya, ta sauya siffar aljihun da maganin ke shiga ko ta kunna wani kainez ɗin.

Game da hana kawunka sukari, ina roƙonka kada ku yi. Jiki ba ya barin sukarin jini ya sauka ƙasa da wani mizani, domin ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini da shi suke rayuwa. In ba a ci ba, hanta za ta ƙera gulukos daga amino asid da take samu ta hanyar narkar da tsoka, ta kuma karɓi laktet ɗin da ƙarin ya zubar ta mayar da shi gulukos da kuɗin jiki, ATP shida a kan kowane gulukos ɗaya. Ƙwayar da ƙofofinta suka ninka na maƙwabtanta ita za ta riga kowa ɗiba, komai ƙarancin abin. Wanda zai rame shi ne majinyaci, kuma ramewar tsoka tana daga cikin manyan abubuwan da ke kayar da masu sankarar huhu, tana hana su jure magani. Ku ba shi abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nama da nono da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa idan cin ya gagara. In yana da ciwon sukari, wannan magana ce daban: a kula da shi sosai tare da likita, musamman da yake deksametason da ake bayarwa tare da kemoterafi yana ɗaga sukarin jini.

Abin da iliminka zai fi amfanar da shi a kai shi ne tambayoyin da za ka yi wa likitansa. Ka tabbatar an ɗebi naman ƙarin an duba shi a madubin gwaji, domin hasken PET shi kaɗai ba ya tabbatar da sankara. Ƙwayoyin garkuwa da ke yaƙi su ma suna haɗamar sukari, shi ya sa tarin fuka yake haske a hoton kamar yadda ƙari ke yi, kuma a ƙasashenmu inda tarin fuka ya yawaita ana rikita su ta kowane ɓangare. Ka tambayi wane nau'i ne, mai ƙananan ƙwayoyi ne ko ɗayan da ya kai kusan kashi 85 cikin ɗari, kuma a wane mataki yake. In adinokasinoma ce, ka tambaya ko za a iya aika naman a duba EGFR da ALK da ROS1, wanda shi ma kainez ne, da KRAS da kuma PD-L1, mai nuna ko magungunan ta da garkuwar jiki za su dace, kafin a tsayar da magani, ko da sai an kai samfurin wani gari, domin sakamakon wannan gwaji ne zai nuna ko akwai kainez ɗin da za a iya toshewa da ƙwayar magani ta sha.